Yadda ake tayar da ɗakin mutanen da daga sawun da ya bari a ƙasa

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun ƙasar Bauchi da rani, bayan gobarar daji ta share ciyawa, ya san abin da ake tararwa a kufai. Duwatsu jere a zagaye kamar jiya aka aza su, tsingaro birjik, dutsen niƙa da ya lotsa har ya kusa hujewa, wani wurin ma da kashin maƙera tsibi guda. Mafarauci zai nuna maka da bakin sanda ya ce, "Gidajen mutanen da ne," ya yi gaba abinsa. Kai kuwa in mai son sani ne, sai ka tsaya da tambayoyi cike da baki. Wannan zagayen duwatsun ɗakin kwana ne ko gindin rumbu? Bangonsa ƙasa ne, ko kara, ko zana? Mutum nawa suka gina shi, cikin kwana nawa, damina nawa kuma ya gani kafin ya faɗi?

Ƙasa ba ta ajiye jinka, ba ta ajiye igiya. Gara da ruwa sun gama da su tun tuni, sawu kawai suka bar mana. Masana kufai suna da hanyar sa sawun nan ya yi magana: su gina ɗakin da suke zato, da girmansa na gaske, da irin kayan da mutanen wancan zamani za su iya samu, su zuba masa ido shekara da shekaru. In ya faɗi su tone shi, su duba ko sawun da ya bari ya yi daidai da wanda suka tarar a kufai. In ya yi daidai, zatonsu ya sami ƙafar tsayawa. In bai yi ba, a sake lale. A Denmak an buɗe filin irin wannan gwaji a Lejre a 1964, a Ingila kuma Peter Reynolds ya jagoranci gonar gwaji ta Butser tun farkon shekarun 1970.

Wanda ya je gidan tarihi na Jos ya ga ganuwar Kano da masallacin Zariya da aka kwaikwaya a can, kada ya haɗa su da wannan. Waɗancan gine-gine ne da aka auna suna tsaye, aka yi irinsu don adana fasaha. Namu aikin ɗakin da ba wanda ya taɓa gani da ido muke nema. Ga yadda malami da ɗalibansa, ko wata ƙungiyar masu son tarihi, za su yi shi a Bauchi ko Gombe ba tare da kashe dukiya ba. Na yi, na kuma sha kunya a karon farko, zan faɗi inda na yi tuntuɓe.

Fara da tambaya guda

Kafin a sari itace ko ɗaya, a rubuta tambayar da ginin zai amsa, a layi ɗaya, yadda amsarta za ta iya zama i ko a'a, ko kuma lamba. "Muna so mu ga yadda mutanen da suke zaune" buri ne, ba a gwada shi. Amma "dirkoki masu kaurin santimita 10, a rami mai zurfin santimita 30, za su ɗauki jinkar ɗaki mai faɗin mita 4 har damina uku?" wannan ana iya gwadawa. Haka "ruwan da ke zuba daga bakin jinka zai haƙa zurara a kewayen ɗaki da za a iya ganewa bayan ɗakin ya faɗi?" Haka "in ɗakin yaɓe ya ƙone, yaɓen nawa ne zai gasu ya yi tauri har ya tsira?"

Tambaya ɗaya ta isa, biyu in an matsa. Mai tambaya goma a ɗaki ɗaya zai tashi da hotuna masu kyau, babu amsa ko ɗaya.

Nemo sawun gaske, ka kuma nemi izini

Ginin gwaji daga shaida yake tashi, kuma shaidar ta fito daga wuri guda sananne. Ƙasarmu ba ta rasa wuraren ba. Akwai inuwar dutsen Kariya Wuro da Philip Allsworth-Jones ya tona a farkon shekarun 1980, ya sami kayan aikin dutse da tukwane. Akwai zanen jikin dutse na Geji da na Shira. A Yankari akwai koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da matoyan narkar da tama na Shau Shau. A yankin Kirfi an yi tono a kufan kan dutse da na tudu. Can Borno kuma, a tudun Daima da Graham Connah ya tona a 1965 da 1966, tudun da ya haura mita 10 na zaman mutane hawa bisa hawa, an sami daɓen ɗaki da aka yi da tsingaro. Mutanen Nok, masu mutum-mutumin yumɓun nan, sun yi noman gero tun wajen 1500 kafin Miladiyya, amma da ƙyar ake samun sawun ɗakunansu. Wannan kansa tambaya ce mai kyau ga mai gwaji: wane irin ɗaki ne ke ɓacewa haka?

Sai dai a yi hattara. Tonon kufai a Najeriya sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. Kai ba tono za ka yi a kufai ba, ko cokali kada ka soka. Hanya biyu gare ka. Ko ka nemi zanen wani ɗaki da masana suka riga suka tona suka wallafa, sashen nazarin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta Jos za su iya nuna maka inda za ka samu. Ko kuma ka auna abin da ke fili a saman ƙasa, bayan ka gai da dagaci da mai unguwa ka faɗa masu abin da ke tafe da kai. Kufai da yawa suna da masu su, wasu ma akwai kaburburan kakanni a ciki.

In awon saman ƙasa za ka yi, kafa turaku huɗu a kewaye da zagayen, ka ja igiya. Don kusurwa ta miƙe, auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, tsakanin bakunansu ya zama mita 5 cif. Raba filin murabba'i-murabba'i na mita ɗaya, ka zana kowane dutse a takarda, santimita 5 a madadin mita ɗaya. Sa alamar arewa. Rubuta faɗin ciki da na waje, kaurin jerin duwatsun, inda jerin ya yanke wanda wataƙila ƙofa ce, da inda ta fuskanta. Ɗauki hoto da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da ƙananan tudu da kwari. Kada ka ɗauke ko tsingaro ɗaya zuwa gida.

Littafi mai gida uku

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma na faɗi. Samo babban littafi ka raba kowane shafi gida uku. Gida na farko: abin da ƙasa ta nuna. Na biyu: abin da aka aro daga magina na yau. Na uku: abin da muka ƙaga da kanmu saboda babu makawa. Duk shawarar da aka yanke a ginin, tun daga irin igiya har tsayin ƙofa, sai ta shiga ɗaya daga gidajen nan, da dalilinta.

Turawan Ingila da suka shiga wannan aiki ba su da maginin ɗakin kago ko ɗaya a raye, sai da suka yi ta lalube. Mu kuwa ga su nan a kowane ƙauye, daga Ganjuwa har Kaltungo. Wannan arziki ne babba, amma a cikinsa tarkon yake. A gwajinmu na farko, a gefen wani ƙauye kan hanyar Ningi, na kai wa wani dattijon magini zanen da muke bi, mai ɗigo-ɗigon guraben dirka a zagaye. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan ai neman wahala ne. Itace a cikin bango abincin gara ne. Bari in ɗora maka tubali, ɗaki ya fito ɗaki." Na ce, "To Baba, ku kuka san aikin." Ya kuwa gina mana kago wanda ko amarya aka kai ba za ta yi ƙorafi ba. Sai da muka gama murna na tuna cewa ɗakin da muke bin sawunsa guraben dirka ya bari, namu kuwa ko ya shekara ɗari ya faɗi ba zai bar gurbi ko ɗaya ba. Ɗakin kakata muka gina. Laifin nawa ne, shi abin da ya iya ya yi.

Ka saurari magini da kunne biyu, don hannunsa ya san abin da littafi bai sani ba. Amma abin da ya faɗa gida na biyu zai shiga, kuma in ya yi karo da gida na farko, ƙasa ce ke da gaskiya. Ka tuna cewa ginin tubali da azara da bakan gizo, irin na Gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a Kafin Madaki a 1860, fasaha ce ta zamanin birane da sarauta. Ba a ɗora ta a kan manoman shekara 3,000 da suka wuce sai da hujja.

Fili da lokaci

Nemi fili mai irin ƙasar kufan da kake kwaikwayo. In a kan dutse yake, kada ka gina a fadama. Ya yi nesa da gidaje da rumbunan mutane aƙalla taki ɗari, kuma mai filin ya yarda a rubuce cewa zai bar maka shi shekara biyar zuwa goma. Kafin a taɓa shi a ɗauki hoto, a zana shi yadda yake.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ciyawar jinka da kaka ake yankanta, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin a cinna wa daji wuta. Gini daga Disamba zuwa Fabrairu. Baibaya ta ƙare kafin hadarin farko na Afrilu ko Mayu.

Kayan aiki da kayan gini

Wane kayan aiki aka halatta? Tambayarka ce za ta faɗa. In ƙarfin ɗaki kake gwadawa, sare itacen da gatarin kasuwa ba laifi, ka dai rubuta. In kuwa yawan aiki kake aunawa, dole ka koma kayan zamanin. Ɗakin zamanin ƙarfe, wanda a ƙasar Nok ya haura shekara 2,000, gatari da gizago da lauje na maƙerin gargajiya sun wadatar. Ɗakin da ya riga ƙarfe sai gatarin dutse, irin wanda manoma ke tsinta a gona su kira shi gatarin aradu. Kada ka yi aiki da na tsintuwa, kayan tarihi ne. A sami dutse mai tauri a wasa shi a kan fa da yashi da ruwa, aikin kwanaki ne, a ɗaura masa ƙota. A dajin Draved na Denmak, a shekarun 1950, masu gwaji sun gano cewa wanda ya ɗaga gatarin dutse tun daga kafaɗa kamar na ƙarfe, fasa shi yake yi. Sara gajere ake yi daga gwiwar hannu, a kai a kai. Ka gaya wa samarinka wannan tun kafin su nuna ƙarfi.

Dirkoki: kirya ta fi kowa jure gara, marke na biye da ita. Ga wata dabara, rabin zagayen a sa kirya, rabin a sa itace mai taushi, ɗaki ɗaya ya ba ka amsa biyu. Kada a sa darbejiya ko turare ko mangwaro, duk baƙi ne da suka zo daga baya. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin sara, a kuma fi son rassa a kan gindi. Tsumagun saƙa a yanko su ranar da za a yi aiki da su, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nan maganar ba karin magana ba ce. Igiya ta ɓawon kalgo ko rama ko kaba. Babu ƙusa, babu waya, babu igiyar leda, ko a ɓoye.

Ƙasa kuwa a haƙo ta kusa da wurin, a auna ramin da aka bari, don mutanen da ma sun bar irinsa kusa da gidajensu. Don ka san abin da ke gabanka, ɗauki ɗaki mai faɗin mita 4. Kewayensa mita 12.6 ne. In bangon ƙasa zalla ne mai tsayin mita 1.5 da kaurin santimita 30, ƙasar da zai ci ta kusa tan 10, wato sawu wajen 400 na kwando mai kilo 25. In saƙa da yaɓe ne mai kaurin santimita 15, rabin haka. Ruwan kwaɓi ma a ƙirga shi tulu-tulu, da nisan inda aka ɗebo. Mutum ɗaya a ware shi ba ya taɓa laka, aikinsa agogo da alƙalami: wa ya yi me, daga ƙarfe nawa zuwa nawa.

Shata, kafi da yaɓe

Kafa turke a tsakiya, ɗaura igiya mai tsawon rabin faɗin ɗakin, ka zagaya da tsinke a bakinta. Sannan ka sauke zanen kufan a kan wannan da'ira yadda yake, da karkacewarsa. In dirkokin asali ba su yi tazara ɗaya ba, kada ka gyara masu. In akwai gurbi biyu manne da juna, sa biyu, wataƙila gyara ne aka yi bayan ɗaya ta ruɓe, wataƙila kuma nan ne dokin ƙofa. Ginin zai nuna.

Haƙa ramukan da dagi ko sandar da aka fiƙe, zurfi da faɗi daidai da na shaida. Ba kowane rami lamba, a auna shi, a ɗauke shi hoto kafin dirka ta shiga. Gwafar ta dubi sama. A cika ramin da ƙasa a daddanna, a sa duwatsun tokari in an ga irinsu a asali. A kan gwafannin a zagaya da sanduna masu lanƙwasa a ɗaure su tamau su zama zobe guda. Wannan zoben shi ke hana nauyin jinka ya tura bango waje, in ya yi sako-sako ɗaki zai buɗe kamar ƙwarya.

Sai saƙa: tsumagiya ta bi gaban wannan dirka, ta bi bayan ta gaba, layi na biye ya saɓa, ana dannawa ƙasa da ƙafa. In tazarar dirkoki ta yi yawa a soka ƙananan sanduna a tsakani, a rubuta su a gida na uku.

Kwaɓin ƙasa shi ne inda za ka bar magini ya yi mulki. A jiƙa ta, a zuba ramno, a tattake da ƙafa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a sake tattakawa. Dattijon nan namu ba ya auna komai. Dunƙule yake ɗiba ya maka a jikin saƙar, in ya manne bai zame ba ya ce ta yi, in ya faɗo ya ce a ƙara tattakawa. Kai kuwa ka auna a madadinsa: kwando nawa na ƙasa, nawa na ramno, tulu nawa na ruwa. Ana yaɓawa mutum biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, suna maka laka a wuri ɗaya don ta haɗu ta cikin saƙar. A tashi daga ƙasa, kamu ɗaya ko biyu a yini, a bari ya sha iska. Iskar hunturu tana busar da yaɓe da gaggawa ya tsattsage, don haka a jingina zana a kare shi, tsagar da ta fito a cike ta a rubuta. Makuba da kashin shanu kada a sa sai in an yanke shawarar gwada su, in ma za a sa, a shafe rabin bango a bar rabi.

Daɓe bayan an rufe ɗaki ake yinsa: tsakuwa da jar ƙasa, yayyafi, duka da madaɓi. In na Daima kake kwaikwayo, sayi tukwanen da suka fashe wurin masu ginin tukwane ka jera tsingaron, ka ƙirga tukunya nawa mita ɗaya ta ci.

Jinka

Ita ce ba ta barin sawu ko kaɗan, don haka kusan komai nata a gida na biyu da na uku yake. Abin da ya taimake mu shi ne ciyawa tana da dokarta. In jinka ta kwanta da yawa ruwa zai zauna ta ruɓe, in ta miƙe da yawa ciyawar za ta zame, iska kuma ta sami abin kamawa. A Butser sun tsaya a kan digiri 45, wato tsinin jinka ya ɗara bango da rabin faɗin ɗaki. A ɗakinmu mai mita 4, tsinin zai hau mita 2 bisa bango, kowace sandar tsaiko ta kai mita 2.8 zuwa kan bango, a ƙara mata ta zama 3.5 don baki ya sauko ya kare yaɓe. Shimfiɗar da za a baibaye ta kai murabba'in mita 27. Tambayi masu jinkar garinku dami nawa ke rufe wannan, sannan ka ƙirga wanda ya shiga da gaske.

A ƙasarmu akan haɗa tsaiko a ƙasa, a yi masa tanka zobe-zobe, maza su taru su ɗaga shi su aza. A ɗaki mai mita 4 wannan yana yiwuwa. In naka ya kai mita 7 ko 8 ba zai ɗagu ba, sai a haɗa shi a sama, kuma wannan ma sakamako ne, ka rubuta. A yanta ciyawar, a fara naɗawa daga baki zuwa sama, kowane layi ya rufe ɗaurin na ƙasansa, a ɗaure ƙoƙuwa da kyau.

Ɗalibaina sun dage sai an bar huda a sama don hayaƙi, wai haka suka gani a zane. Dattijon ya dube su ya ce, "'Ya'yan nan, wa ya taɓa huda kan ɗaki in ba gobara yake nema ba?" Abin da ya faɗa shi ne abin da aka tabbatar a Butser: huda tana jan iska, wuta ta tashi, tartsatsi ya kai ga ciyawa. In babu huda hayaƙi yakan taru a sama ya tsiyaye ta cikin jinka a hankali, ya kori ƙwari, kunkunniya kuma ta riƙe ciyawar. Ranar na ga ilimin Ingila da na ƙauyen hanyar Ningi sun yi musabaha.

A zauna a ciki, a zuba ido

Ɗakin da ba a shiga daban yake tsufa da wanda ake kwana a ciki. A riƙa hura wuta a murhu, a yi shara, a yi niƙa, a bar kaji su yi yawonsu. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje a inuwa, a karanta da asuba da azahar, musamman a sanyin Janairu da zafin Afrilu. A kafa ma'aunin ruwan sama, ko da gwangwani mai miƙaƙƙen baki ne da rula. Bauchi takan sami wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta, amma na filinka kake so.

Kowane wata a ɗauki hoto daga wurare huɗu da aka kafa wa turaku, kada a canza su. A duba gindin bangon gabas, don daga nan hadarinmu ke tasowa, feshi kuma can yake fara ci. Roderick McIntosh, da ya bi yadda bangayen ƙasa ke lalacewa a ƙauyen Hani na Gana a shekarun 1970, ya nuna daga gindi ɓarnar take farawa, damshi ya ci ƙasan bango har ya rasa abin tsayawa. A soka tsinke a gindin kowace dirka a ji ko gara ta shiga. A auna ƙasan bakin jinka: zurara ce ke fitowa ko ciyawa ce ke tsirowa? A lura da ramin ɓera da gafiya a bin bango, da kwarin da kaji ke yi wurin birgima a bakin ƙofa. Irin waɗannan ne mai tono zai gani bayan shekara dubu ya ɗauka da gangan aka yi su.

Tun farko a yanke: za a riƙa gyara ko ba za a yi ba? In za a yi, kowane gyara ya shiga littafi.

Faɗuwa da tono

Yawancin masu wannan aiki a nan suke tsayawa, ɗaki ya yi kyau, an yi hoto, an watse. Alhali ba a kai ga amsar ba. Ɗakin sai ya mutu. Ko a bar shi ya faɗi don kansa, ko a ƙone shi. A Lejre sun cinna wa wani ɗakin gwaji wuta a 1967, suka bar kangon, sai bayan shekara 25 aka tone shi. A Overton Down na Ingila an gina tudu da gwalalo a 1960 da shirin a riƙa yanka su ana dubawa bayan shekara 2, 4, 8, 16, 32, 64 har 128. Masu shirin sun san ba za su ga ƙarshensa ba.

Ƙonawa tana da amfani na musamman, don wuta ce ke gasa yaɓe ya zama kamar kasko, ya riƙe shaidar tsumagun da ke cikinsa. Da irin waɗannan gutsattsarin aka gane ɗakunan mutanen Kintampo na Gana, na fiye da shekara 3,000. In za ka ƙona, sanar da mai unguwa da 'yan kwana-kwana, a share ciyawa taki ashirin a kewaye, a tanadi ruwa, a zaɓi safiyar da babu iska, kada a yi da hunturu. Kafin nan a jera kaya a ciki kamar masu ɗakin sun fita da gudu: tukwane, ƙwarya, tabarma, damin gero, dutsen niƙa, ƙashin akuya. A zana inda kowanne yake. A ɗauki bidiyo, a rubuta minti nawa jinka ta yi kafin ta rufta, ta wane gefe bango ya kwanta. Kada a kashe wutar, kada a kwashe komai. A kewaye wurin da ƙaya.

Bayan damina biyu ko uku sai tono, kuma ga sharaɗin da ya fi kowanne: waɗanda za su tona kada su kasance cikin waɗanda suka gina, kada kuma su ga littafin. A gayyato ɗaliban nazarin kufai da malaminsu. Su ja igiyoyinsu, su kankare ƙasa da cokalin magini santimita biyu-biyu, su tankaɗe ta da rariya, su zana duk canjin launi. Gurbin dirka yakan fito kamar baƙin tabo zagayayye a cikin jar ƙasa, yayyafa ruwa kaɗan yana fito da shi. Ƙasar murhu a zuba ta a bokitin ruwa, ƙonannen gero zai taso sama a tace shi da ƙyalle. Su rubuta abin da suka fahimta: faɗin ɗaki, yawan dirkoki, inda ƙofa take, irin bango, abin da ke ciki.

Sannan a buɗe littafi a gabansu, a aza zane uku gefe da gefe: na kufan asali, na ranar gini, da na tono. Dirka nawa suka gano cikin waɗanda aka kafa? Na kirya da na itace mai taushi sun bar tabo iri ɗaya? Tabarma da ƙwarya sun bar wani abu? Kwarin kajin nan, me suka kira shi? In sawun gwajin ya yi kama da na kufai, abin da za ka rubuta shi ne irin wannan ɗaki yana iya barin irin wannan sawu, iyakarsa ke nan, don wani irin ɗakin ma yana iya barin makamancinsa. In bai yi kama ba, ka rubuta hakan da dalla-dalla, ka koma gida na uku ka ga wace ƙagar ce za a sauya a ɗaki na gaba.

A tona kashi uku cikin huɗu kawai. Rubu'in da ya rage a kafa masa turakun ƙarfe a kusurwoyinsa, a ɗauki lambar wurin da waya, a kai kwafin littafin da zanen da hotunan gidan tarihi mafi kusa da sashen jami'ar da ya taimaka, a rubuta a bangon littafin shekarar da aka yarda a dawo a buɗe shi.